Shin Baƙin Mai Mai Kauri Yana Tsayar da Yoyon Injin Motar Turai?

Dillalin motoci, Garwa:
Assalamu alaikum. Ra'ayin da na daɗe a kansa shi ne, ba a ƙera motar Turai don zafin ƙasarmu Kamaru ba, shi ya sa da zarar an sauke ta a Duwala ta hauro arewa, ba ta jimawa sai ta fara ɗigar da baƙin mai. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yakan wuce digiri 40, mai maras kauri irin 5W-30 kuwa sai ya tsinke ya bi kowace kafa ya fita. Maganin abin ba ya buƙatar kwance inji: a yi juye a zuba 20W-50, yoyon zai tsaya ko ya ragu ƙwarai. Makaniken da ya ce dole sai ya buɗe, kuɗin aiki yake nema.

Tsohon makanike, Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Da girmanka, amma ban yarda ba. Idan inji ya ɗau zafinsa na aiki, ruwan lagireto yana kaiwa wajen digiri 90, man cikinsa ma yakan kai haka ko ya ɗara, ko a Jamus motar take ko a Kuseri. Saboda haka ba ranar Garwa ce ta fara koya wa man zafi ba. Abin da ya sa motocin nan suke yoyo a hannunmu shi ne yawancinsu sun tsufa kafin su iso, robar gasket da ta sil, masu toshe mahaɗan inji don kada mai ya fita, ta bushe ta yi tauri, wata ma ta tsage. Mai mai kauri yana rage gudun ɗigon, wannan gaskiya ne, amma tsagar tana nan inda take tana ƙara buɗewa.

Direban haya, hanyar Mora zuwa Kuseri:
Ni kam ina bayan Alhaji. Mu da muke bin Dabanga da tsofaffin Peugeot 504 da 505 da Marsandi 190, da 20W-50 muka san su, kuma da shi suke ɗaukar kaya cikin ƙura da ramuka ba su gaza ba. Idan ɗigon ya ragu har na je na dawo ban ƙara mai ba, Baba, a wurina gyara ya yi.

Matashin makanike, Ngaundere:
Yayana direba, maganarka daidai ce a kan motocin da ka ambata, sai dai ba a haɗa su da na bayansu. Peugeot 504 ta fito a 1968, Marsandi 190 kuma a 1982, injinansu suna ɗaukar mai mai kauri ba tare da matsala ba, musamman da suka riga suka saki. Amma injin da ke da turbo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, ko wanda matsin mai ne yake sarrafa lokacin buɗewar bawul ɗinsa, hanyoyin man cikinsa ƙanana ne, kuma kamfanin ya rubuta irin man da yake so: Marsandi tana da ƙa'idar 229.5, Volkswagen tana da 502 00, BMW tana da Longlife-01. Idan aka zuba masa 20W-50, da sanyin safiyar hunturu man zai yi jinkirin isa turbo da saman inji. Tsugunne ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Akwai kuma abin da ba a cika dubawa ba, wato hanyar da inji yake fitar da iskar da ta tsere ta gefen fistin zuwa ƙasan inji. Idan wannan hanyar numfashi ta toshe da dauɗar tsohon mai da ƙura, matsi yana taruwa a ciki ya tura mai ta kowane sil, sai a ga mota tana yoyo ta wuri uku a lokaci guda. A injin 2.0 TSI na Volkswagen da Audi, an san cewa idan robar bawul ɗin numfashin ta yage, sil ɗin bayan karanshaf, wanda ke tsakanin inji da giyabos, yakan biyo baya. Wanda ya sauya sil bai gyara numfashin ba zai sake dawowa gareji.

Mai shagon kayan gyara, Garwa:
Zan ƙara da abin da nake gani a bakin kanta. Mutane da yawa ba gasket suke zuwa saya ba, silikon suke nema, ko ƙaramin gwangwanin nan da ake zubawa cikin mai don ya kumbura roba. Gwangwanin yana iya tausasa sil ɗin da ya bushe na ɗan lokaci, amma ba ya ɗinke wanda ya yage. Silikon kuwa idan aka lafta shi, rarar da ta matse ta ciki tana ɓallewa ta faɗa cikin kaskon mai ta toshe rariyar famfo, daga nan sai fitilar mai ta kama.

Malamar makaranta, Njamena:
Ni ba sana'ata ba ce, amma abin ya shafe ni. An sauya mini gasket ɗin kaskon mai a wani gareji, na biya, kuma har yanzu ina ganin tabo a ƙasa kowace safiya. Baba na Marwa, ta yaya mai mota zai gane ainihin inda man yake fitowa kafin ya sake kashe kuɗi?

Tsohon makanike, Marwa:
'Yata, kuskuren da aka fi yi ke nan. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka kasko ne yake ɗaukar laifin abin da ya faro daga sama. Ki fara shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare ki ga launin ɗigon: baƙi ko ruwan ƙasa na inji ne, ja yawanci na giya mai sarrafa kanta ne ko na sitiyari, kore kuma a wasu motocin Turai man sitiyari ne. Sannan a wanke injin tas, a kiyaye wayoyi da altaneta, a bar shi ya bushe, a tuƙa motar kaɗan, a duba da tocila daga sama zuwa ƙasa. Wurin da ya fi tsayi a cikin inda ya jiƙe, nan ne tushen. Mu da ba mu da rinin nan da ake zubawa cikin mai, mai haske a ƙarƙashin fitila ta musamman, hoda muke barbaɗawa, sai sawun man ya fito a kanta sarai.

A fara da masu arha: murfin zuba mai, gasket ɗin murfin bawul, robar filta, washar tagulla ta noti na juye wadda ya kamata a sabunta a kowane juye, da ɗan makunnin matsin mai. A BMW mai silinda shida, gasket ɗin gidan filta sananne ne da yoyo, kuma a kan bel yake zubarwa. A duba sandar awon mai ma, domin mai da ya wuce alamar sama shi kansa yana jawo yoyo.

Dillalin motoci, Garwa:
Na ji bayaninku, Malam, kuma na janye maganata a kan masu turbo. Amma idan sil ɗin bayan karanshaf ne, sai an sauke giyabos gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Ba zan shawarci talaka ya yi wannan aiki saboda ɗigo biyu ba.

Tsohon makanike, Marwa:
A nan ba mu saɓa sosai ba, Alhaji. Gumin da bai kai ga ɗiga ba ana iya sa masa ido, a riƙa jan sandar awo kowane mako, a haɗa aikin sil ɗin da ranar da za a sauya kuloci tunda giyabos zai sauka. Wanda ba ya jira shi ne man da ke zuba a kan salansa, domin yana iya kama wuta, da wanda ke jiƙa bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da na fistin, domin mai yana cin robarsa, idan ya tsinke kuma a yawancin injinan nan fistin zai doki bawul.

Direban haya, hanyar Mora zuwa Kuseri:
Tawa 504 sarƙa take amfani da ita ba bel ba, don haka 20W-50 zan ci gaba da zuba mata. Sai dai bututun numfashin da ƙanena na Ngaundere ya ambata, zan sa a cire shi a wanke kafin tafiyata ta gaba.