Wa ya taɓa zuwa bikin tara gudummawa na 'yan ƙasar Bama (Myanmar)?

Bakano a Indiyana: Salamu alaikum jama'a. Wani abokin aikina ɗan Bama, nan Fort Wayne, ya gayyace ni bikinsu na sabuwar shekara da suke kira Thingyan, tsakiyar Afrilu. Ya ce za a sayar da abinci, kuɗin a aika gida. Ba zan iya ƙi ba, don shi yake riƙe min aiki duk Juma'a in je masallaci. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka: me ake ci, me ake sawa, nawa zan riƙe?

Maman Ummi, Landan: Wa alaikumus salam. Ni na je a 2025, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Mandalay da Sagaing ranar 28 ga Maris. Zauren wata makaranta suka kama haya. A bakin ƙofa kake sayen tikiti, da shi kake karɓar abinci a tebura, babu mai taɓa kuɗi a ciki.

Ka fara da mohinga. Romon kifi ne mai kauri a kan taliyar shinkafa, da dafaffen ƙwai da soyayyen wake mai ƙaras-ƙaras. Amma abin da ya tsaya min a rai kwaɗon ganyen shayi ne, lahpet. Wallahi kwaɗo ne sak, sai dai maimakon zogale ganyen shayi ne da aka tsima, a haɗa da gyaɗa, riɗi, soyayyar tafarnuwa, tumatir da busasshen jatan lande. Na ci faranti biyu da la'asar, ban runtsa ba sai bayan asuba. Na manta ganyen shayi ne. Suna da wata daddawa tasu ta kifi, ngapi. Duk wanda ya tashi da daddawar kalwa ba shi da bakin yi mata tsiya.

Ka riƙa tambaya kafin ka ɗauka, wasu teburan akwai naman alade. Ba sa jin haushi, matar da na tambaya ma ita ta janye ni daga wani tire.

Ɗan Kwari a Kuala Lumpur: Hajiya ba ki faɗa masa babban abin ba: ruwa! Thingyan bikin watsa ruwa ne, a cewarsu ana wanke dattin tsohuwar shekara. Na je da shadda ta sha guga, wasu yara suka juye min bokiti. Yaya, sa wayarka a leda. Za kuma su ba ka wani ɗan curi na garin shinkafa mai sukarin kwakwar giginya a ciki. Don tsokana sukan cusa barkono a wasu. Nawa mai barkono ne, suna ta leƙen fuskata, ni kuwa na ce a ƙaro.

Maman Ummi, Landan: Namu ba a yi watsa ruwa ba, ana cikin makoki. Wata tsohuwa ce kawai take tsoma ganye a kwanon azurfa tana yayyafa wa mutane a kafaɗa. Ta shafa wa Ummi thanaka a kumatu, wani ruwan ɓawon itace da ake niƙawa a kan dutse. Mazansu kuwa zani suke ɗaurawa, longyi, har da dattawa.

Haifaffen Makka: Ku yi haƙuri zan ɗan dagula muku lissafi. Mu da Burmawa, wato 'yan Bama, muka taso, unguwar Nakkasa cike take da su, makaranta ɗaya, ƙwallo ɗaya. Yawancinsu 'yan Rohingya ne, wata ƙabilar Musulmi ta yammacin Bama, kuma ban taɓa ganin sun yi wani bikin ruwa ba. Labarin da nake ji a gidajensu na gudun hijira ne. A 2017 sama da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladash. Da Gambiya ta kai ƙarar Bama kotun duniya a 2019, Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin ƙasar a lokacin, da kanta ta je Hague ta kare sojojin Bama. Yanzu hotonta ake ɗagawa a irin waɗannan tarukan. Malam Bakano, kafin ka zaro dala, ka tambayi ina kuɗin za su.

Bakano a Indiyana: To fa. Ni abinci na zo tambaya, ga shi an ba ni abin tunani.

Anti Nas, Buffalo: Ɗan'uwa na Makka ya yi gaskiya, kuma ni na tambaya ɗin. Sau uku ina zuwa, don da yawa cikin majinyatanmu 'yan ƙabilar Karen ta Bama ne. Tun juyin mulkin da sojojin Bama suka yi ranar 1 ga Fabrairu 2021 tarukan suka canza launi. Wani kuɗin na waɗanda yaƙi ya kora daga ƙauyukansu ne, wani na malamai da ma'aikatan asibiti da suka bar aiki don ƙin sojoji, wani kuma kai tsaye na masu ɗauke da makami ne. A wanda na je, kowane akwati an rubuta nasa, ba a ɓoye ba. Na zuba a na magunguna, na wuce sauran.

Ba ta banki suke aikawa ba, don sojoji na sa ido. Hundi suke kira: ka ba mutum a nan, wani ya biya a can. Duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta hannun 'yan canjin Wapa ya san zancen. Amana ce kawai, babu rasit ɗin da za ka bi.

Maganar Rohingya kuwa, na yi wa wata budurwa mai sayar da tikiti ita ido da ido. Ta yi shiru, sannan ta ce a da ba ta yarda da labarin ba, sai da sojojin nan suka ƙone garin kakarta. Ta ce kunya take ji. Wani dattijo a gefenta ya tashi ya bar wurin. Duka biyun suna cikin zauren, kar wani ya ce maka bakinsu ɗaya.

Bakano a Indiyana: Jama'a na je na dawo. Dala 40 na kashe. Ashe akwai Musulmin Bama da yawa a garin nan, har da masallacinsu, kuma matansu sun kafa tebur. Can na ci mohinga hankali kwance. Mijin ɗayarsu ya tuna min cewa girgizar ƙasar nan ranar Juma'ar ƙarshe ta azumi ta faɗo, daidai lokacin da masallatai suka cika, kuma rufi ya danne ɗaruruwan masallata. Ƙaninsa na ciki. A akwatinsu na zuba ragowar.

Abokin nawa ya ga inda na zuba, bai ce komai ba, sai ya kawo min curin shinkafa guda uku. Ɗan Kwari, biyu masu barkono ne.