Inshorar tafiya a jirgin ruwa: kariya ce ko kuɗin banza?

Baban Sadik: Salamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda, bayan sallah ni da Maman Sadik za mu ɗauki Hajiya mu shiga jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido. Zai tashi daga Basalona, ya bi ta Faransa da Italiya, ya leƙa Tunisiya, ya dawo. Ejan ɗin da ke min takardu a Wuse 2 ya matsa min wai in sayi babbar inshora ta mutum uku. Na ce masa kuɗin banza ne. Kamfanonin nan karɓa suka iya, ba biya ba. Jirgin ma da likitansa a ciki.

Maman Hanan: Yaya, ai ba a hannunka abin yake ba. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ba ta fita sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, wadda ke aiki a duk ƙasashen yankin, har da kuɗin dawo da mutum gida.

Baban Sadik: Wannan na sani, ƙanwata. Akwai 'yar ƙarama mai araha da kowa ke yanka don a buga masa biza. Ita zan saya. Babbar ce na ce a'a.

Kawu na Kubwa: Alhaji, ina bayanka. Jakata ta taɓa ɓata a wata tafiya, ga takardar inshora a aljihuna. Da na nemi haƙƙina sai aka ce in kawo rasit na kowace riga da ke ciki. Wane tela ne ke ba da rasit? Na yi ta sintiri har na gaji na bar su da Allah. Ni dai a wurina ba ta da maraba da ta mota, wadda ake nuna wa jami'i a bakin hanya a mayar cikin akwatin gaba.

Dakta: Kawu, a kan jaka ba zan yi musu da kai ba, gaskiyarka ce. Amma Yaya, maganar likitan jirgi ita ce ta tayar da ni zaune. Asibitin cikin jirgi ba ya cikin kuɗin tikiti. Ganin likita, allura, ƙarin ruwa, duk ana ɗora su a kan asusun ɗakinku, a cire daga katinka da Yuro ko dala. Kuma ƙaramin wuri ne na taimakon gaggawa. In hawan jinin Hajiya ya tashi da ƙarfi, Allah ya kiyaye, ba za su riƙe ta ba. A tasha ta gaba za a sauke ku da kayanku, jirgi ya yi gaba. Daga nan asibiti, otal, sabon tikiti, duk a wuyanka. NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ba ruwanta da jinyar ƙasar waje.

Baban Sadik: To ai na ga labarin jirgin ruwan Viking Sky a 2019, da injinansa suka mutu a gaɓar Nowe. Sama da mutum 400 aka kwashe da jirage masu saukar ungulu. Akwai wanda aka ce ya nuna inshora kafin a ɗauke shi?

Dakta: Babu. Ceto a teku aikin hukuma ne. Lissafi yana farawa ne da an taka ƙasa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne jirgin ɗaukar marasa lafiya daga Turai zuwa Abuja, da likita da nas a ciki. Wannan dubban daloli ne, ba goma ba, ba ashirin ba. Je ka Zone 4 ka tambayi 'yan canji abin da zai zama a naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen ₦460 kafin Yunin 2023 ta haura ₦1,500 a 2024.

Maman Hanan: Kuma Yaya, Tunisiya ba ta cikin Shengen. 'Yar takardar taka in an rubuta Shengen kaɗai a jikinta, ranar da kuka tsaya can ba ku da komai. Wasu ma a cikin sharuɗɗansu sun cire tafiyar jirgin ruwa gaba ɗaya sai an ƙara kuɗi. Bizar ma ka tabbatar mai shiga da fita ce, tunda za ku fita yankin ku dawo.

Kawu na Kubwa: Ka ji ko? Kowace takarda da ramin da aka haƙa a cikinta. Abin da nake faɗa ke nan.

Malam: Ku yi haƙuri in sa baki. Tun ɗazu ana ta batun riba da asara, ba a taɓo halacci ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, OIC, ta zauna a Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta saboda garari, wato mutum ya biya kuɗi bai san abin da zai samu ba. Ta halatta ta taimakon juna, wadda muke kira takaful. Asalinta yana cikin hadisin Ash'arawa, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, Annabi (SAW) kuma ya yabe su.

Auta: Allah ya gafarta Malam, to wadda ofishin jakadanci ya tilasta fa? Ba larura ba ce?

Malam: Malamai da dama sun yi sassauci ga abin da doka ta tilasta. Sai dai wani zai ce maka yawon shaƙatawa ba dole ba ne, to ina larurar? Shi ya sa na fi son a kauce wa saɓanin. NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor da Jaiz. Alhaji ya fara tambayarsu tsarin tafiya da ofishin jakadancin ke karɓa.

Auta: Ni abin da na hango daban ne, Yaya. Ba jirgin sama da ke tashi daga Abuja kai tsaye zuwa Basalona, sai an yada zango a Istambul ko Doha ko wani wuri. Jinkiri ɗaya, ka rasa na biyu, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. In kuma an fasa tafiya ana saura 'yan kwanaki, kamfanin jirgin ruwan na iya riƙe kuɗin duka.

Baban Sadik: Auta, wannan mai sauƙi ne. In isa Basalona da kwana biyu a gaba, in kwana a otal. In ma kuɗin tikitin ya tafi, zai yi zafi, amma ba zai sa in sayar da gida ba.

Dakta: A nan muna tare. Abin da aljihunka zai iya ɗauka, bar shi a aljihunka: jaka, jinkiri, har fasa tafiya in ka ga dama. Yawancin kamfanonin inshora ma ba sa biya in an hana ka biza. Ɓangaren jinya da dawo da mutum gida ne ba na yarda a taɓa. Kuma Yuro 30,000 ɗin nan mafi ƙarancin abin da doka ta nema ne, ba abin da zai ishi dattijuwa a ɗakin kulawa ta musamman ba.

Maman Hanan: Wani abu kuma, a faɗi gaskiya a fom. Mutanenmu da an zo tambayar ciwon da ake da shi sai su cike "babu" don kuɗin ya sauka. Ranar biya kamfani zai nemi bayanan asibiti, ya ga Hajiya ta daɗe tana shan maganin hawan jini, shi ke nan an soke. Tsada za ta ƙaru saboda shekarunta, amma araha ba ta ado.

Kawu na Kubwa: Ko an faɗi gaskiyar, sai sun nemo abin fakewa. Mutanen jirgin ruwan Diamond Princess da aka tsare a Yokohama a Fabrairun 2020, mutum sama da 3,700, fiye da 700 suka kamu da korona, wace takarda ce ta buɗe musu ƙofa?

Dakta: Ba ta buɗe ƙofa, Kawu, kuɗi take biya. Kuma akwai bambanci tsakanin wadda za ta ce ka biya ka kawo rasit, da wadda ke da lambar gaggawa dare da rana, ta yi magana da asibiti kai tsaye ta ɗauki nauyi. Ta biyun nake nufi. Yaya, kar ka tsaya a shafi ɗayan nan mai tambari da ejan zai miƙo maka. Ka ce ya turo cikakkun sharuɗɗan, musamman jerin abin da ba sa biya.

Baban Sadik: To. Ta Hajiya na sauko, zan yi mata babbar, in an samu ta takaful ya fi. Ni da Maman Sadik lafiyarmu ƙalau, ƙaramar ta ishe mu.

Maman Sadik: Alhaji, da wa aka yi wannan shawarar? Kai da ke ɓoye maganin suga a aljihun babbar riga?

Kawu na Kubwa: Ni dai ban sauya ba. In kun dawo lafiya, in sha Allahu, zan tambaye ku ina kuɗin.

Dakta: Anti, ɗauko min hoton kwalayen maganin su biyun ki turo min ta gefe, in rubuta sunayen yadda za a cike a fom.