Bayan an kashe gobara, ta ina ake fara gyaran gida?

Mai buɗe zance, Makka:
Assalamu alaikum jama'a. Zafi ya shigo, kuma kun san lokacin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke aiki dare da rana ne gobara ta fi yawa a gidajenmu. Ga halin da nake so masu sana'a su yi mana bayani a kai. Gidan haya ne a bene, ginin bulo da siminti, ɗaki uku. Wuta ta tashi a kicin, ta cinye kabad da silin na jibis, ta lashi falo kaɗan kafin 'yan Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, su kashe ta. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma hayaƙi ya shiga ko'ina, ruwa ya kwanta a ƙasa, ƙauri kuwa ba a magana. Ta ina ake farawa, me ake ajiyewa, me ake zubarwa?

Injiniyan gini, Jidda:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Malam, kada kowa ya kwana a ciki, kada kuma a ɗaga ko tsinke sai jami'an Difa'ul Madani sun gama bincike sun rubuta rahoto. Takardar nan ita ce madogararku a gaban mai gida, da kamfanin inshora idan akwai. Ku ɗauki hoton kowane ɗaki yadda yake, ku kuma karanta yarjejeniyar hayar da aka yi wa rajista a Ejar, shafin gwamnatin Saudiyya na rajistar haya, ku ga abin da ta ɗora wa kowa.

Sai ginin kansa. Launin kankare yana nuna irin zafin da ya sha. Idan an goge baƙin aka tarar ya koma ja-ja ko ruwan hoda, ya kai wajen digiri 300, kuma daga nan ƙarfinsa ke raguwa sosai. Idan ya yi fari-fari yana marmashewa a hannu, ya haura 600, wannan ɓangaren ya mutu. A ɗauki ƙaramar guduma a bi dakin (kankaren da aka zuba a saman ɗaki) da ginshiƙai ana ƙwanƙwasawa taki-taki. Lafiyayyen wuri amsarsa a tsaye take, wanda ya saki kuwa sai ka ji shi kamar ganga. Duk inda ya yi ganga a zagaye shi da alli. Inda kankare ya ɓantale har rodi ya fito, ko dakin ya yi ciki, ko tsaga ta bi ginshiƙi a karkace, a tokare da ƙarfe a kira ofishin injiniyoyi mai lasisi su yanki samfuri su gwada. Ruwan sanyi a kan kankare mai zafi shi ma yana fasa shi, shi ya sa wani lokaci ɓarnar ta fi yawa a inda aka fi watsa ruwa.

Mai aikin lantarki, Makka:
Injiniya ya gama nasa, ga nawa. Don Allah kada a ɗaga babban makunni da sunan a gwada a gani. Rigar wayar gida roba ce da aka yi ta jure digiri 70 a bakin aiki. Wutar kicin ta ninka wannan sau da yawa, kuma robar tana narkewa a cikin bututun da ke binne a bango, inda ido ba ya kaiwa. A cire duk kayan da ke jone, a gwada kowane layi da mega, na'urar auna ingancin rigar waya, a kan bolt 500. Wanda bai kai megaom 1 ba ya faɗi. Ni ko da layi ya ci gwaji, in dai ya ratsa ta saman ɗakin da ya ƙone, zare shi nake yi gaba ɗaya daga allon rabo har zuwa soket. Waya da aka yi wa ƙari aka naɗe da salatif aka tura cikin bango, gobara ce ta biyu take jiran ranarta.

Makunnan da ke allon, duk wanda ya sha ruwa ko zafi a canza shi, domin yana iya ba da wuta amma ya ƙi yankewa ranar da ake bukata. Wajen sake ja: fitilu waya mai murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, kowane mukayyif layinsa daban, kada ya gaza 4. Kicin da banɗaki a sa musu makunnin da ke yanke wuta idan ta zurara, mai miliamfiya 30. A tsofaffin gine-gine kuma har yanzu akwai layin 127 da na 220 a gida ɗaya, sai a yi wa kowanne alama kafin a kwance. In wuta ta taɓa mita, wannan aikin kamfanin lantarki ne, kada ma'aikaci ya sa hannu.

Mai sharar gidaje bayan gobara, Jidda:
Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne a ɗauko tsumma da bokiti a hau wanke bango. Baƙin hayaƙi da ya sha ruwa yana shigewa cikin shafe ya zauna, garin neman gira a rasa ido. A fara gane irinsa tukuna. Na katako da takarda busasshe ne kamar gari, yana tashi da sauƙi. Na roba da soson kujera mai maiƙo ne, ka shafa da yatsa ya ja layi. Na man girki kusan ba a ganinsa, wani rawaya-rawaya ne a jikin kabad da tayil, amma shi ya fi kowanne wari.

Kafin a shiga: takunkumi mai kyau, N95 ko wanda ya fi shi, safar hannu ta roba, tabarau, takalmi mai kaurin ƙasa. Yara da masu asma da mata masu ciki ba su da wurin zama a nan.

Ruwan da ya kwanta shi ake fara kwashewa, domin cikin awa 24 zuwa 48 fumfuna ke kama kafet da katako. A Makka buɗe tagogi da fanka yana isa. A Jidda iskar waje kanta jiƙaƙƙiya ce, gara a rufe a kunna na'urar tsotse danshi da layin wuta na wucin gadi da mai lantarki ya amince da shi. Kuma laimar nan ce ke sa baƙin roba ya zama guba ga ƙarfe, domin akwai asid a cikinsa. Famfo, hannun ƙofa, firam ɗin taga na alminiyam, cikin kwanaki kaɗan za ka ga sun yi tabo-tabo. A goge su tun ranar farko a shafa musu ɗan mai.

Bango da sama kuwa a bushe ake farawa. Injin shara mai matatar HEPA, wadda ke kama ƙananan ƙura, a riƙe bakinsa kusa da bango ba tare da ya goga ba. Sannan soson roba na musamman da ake kira busasshen soso, ana jansa daga sama zuwa ƙasa a layi ɗaya, ba a murzawa. Fuskarsa ta yi baƙi a yanke ta da reza a ci gaba, ba a wanke shi. Sai bayan wannan ruwa ke shigowa: cokali 4 zuwa 6 na garin wanki mai ƙarfi da ake kira TSP a lita 4 ta ruwan ɗumi, in ba a samu ba a yi da maganin cire maiƙo na kicin. Bokiti biyu, ɗaya na wanki ɗaya na ɗauraya. Wankin daga ƙasa ake yin sama, domin ruwan datti da ya gangaro kan busasshen bango yana barin zane da ba ya fita.

Garin tukunyar kashe wuta da aka fesa, shi ma a tsotse shi a bushe, yana cin ƙarfe idan ya jiƙe. Kuma ina roƙon 'yan'uwa mata da babbar murya, kada a haɗa Clorox (bilic) da Flash (ruwan wanke masai) ko wani mai asid, ko da mai amoniya. Iskar da ke tashi daga haɗin nan tana kai mutum asibiti a cikin rufaffen banɗaki.

Hajiya mai wanki da guga, Madina:
Allah ya tsare gaba. Ɗana mai shara ya faɗi gaskiya, bari in ƙara na tufafi da abinci. Kaya a fitar da su waje a kakkaɓe, a ware masu baƙi da masu wari kawai. A jiƙa su kwana ɗaya a ruwa da kofi ɗaya na bikarbonat, a wanke, a ɗauraye da rabin kofi na ruwan khal, a shanya a iska. Wani sai an maimaita sau biyu ko uku. Kada dutsen guga ko injin busarwa ya taɓa riga matuƙar tana ƙauri, zafi yana dafa warin a cikin zare, shi ke nan ya zauna. Shadda da leshi masu aiki da manyan riguna a kai wa masu wankin sinadari, a kuma gaya musu na gobara ne.

Katifa, matashin kai da soson zaman majalisi, a haƙura da su. An wanke riga an mayar, dare ya yi jiki ya ɗumama soson, warin ya dawo.

Abinci ba a ja da shi. Buhun shinkafa, gari, dabino, kayan yaji, duk abin da ke cikin leda ko kwali, a zubar. Gwangwanin da ya sha zafi ma haka, ko bai kumbura ba. Firij da wuta ta yanke masa fiye da awa 4, nama da madara sun tafi. Magunguna, musamman allurar masu ciwon suga, da kwalaben shayar da jarirai da robobin abinci, a sake sababbi. Alƙur'ani da littattafan da suka jiƙe, a sa farar takarda tsakanin shafuka a tsayar da su a gaban fanka, ba a rana ba. Waɗanda suka ƙone a tattara su da mutunci a binne a wuri mai tsarki.

Mai gyaran mukayyif, Makka:
Ni nawa gajere ne. Kada a kunna ko ɗaya, har na ɗakin da wuta ba ta shiga ba. Da ya tashi zai zuƙi baƙin ya manna shi a jikin ƙarafunan sanyi da fankar ciki, ya riƙa raba wa gida wari duk lokacin da aka kunna. Wanke raga kawai ba ya yin komai. A sauke na bangon, a zare fanka da kwanon ruwa, a wanke da maganin wanke ƙarafunan, a busa bututun ruwa, a canza soson da ke naɗe da bututun jan ƙarfe. Wanda robarsa ta lanƙwashe ko harshen wuta ya taɓa bututunsa, a kwashe iskar gas ɗinsa sannan a jefar da mukayyif ɗin. Tukunyar gas ɗin girki da ta sha zafi a mayar wa masu rabawa a gaya musu, tiyo da kan tukunya kuma sababbi.

Mai fenti, Jidda:
Ina da ɗan ja da maganar wankin bango. A ɗakunan nesa, i, wanki ya wadatar. Amma a kicin da wuta ta ci, ɓata sabulu ne. Shafen ya riga ya dahu, sai a sassaƙe shi har bulo, a wanke ƙura, a shafa ruwan manne na SBR, a yi sabon shafe, siminti 1 yashi 4, a riƙa ba shi ruwa kwana 5 zuwa 7, a bar shi wajen mako huɗu kafin fenti. Silin na jibis kuma a sauke shi duka, har na falo da ya yi kamar lafiyarsa lau. Ku leƙa samansa da tocila za ku ga baƙi kwance kamar kwalli.

Inda aka wanke, fentin ruwa kai tsaye ba ya riƙe tabon. Yau fari fat, bayan mako biyu rawaya ta ɓullo ta ciki. Sai an fara da fentin ƙasa mai toshe tabo, na shalak ko na mai, shafi biyu, sannan ma'ajun (kwaɓin da ake sumulce bango da shi), sannan fentin gamawa shafi biyu. Dakin da ke ɓoye a saman silin shi ma a toshe shi kafin a rufe. Gwajin bushewa mai sauƙi: a manna leda mai faɗin taƙi biyu a bango, a rufe gefunanta da salatif, a bar ta kwana ɗaya. In gumi ya taru a cikinta, bangon bai shirya ba.

Mai sharar gidaje bayan gobara, Jidda:
Na yarda da Malam mai fenti, inda shafe ya dahu babu wanki. Saura maganar wari. Turaren wuta rufe shi yake yi na 'yan awoyi, ya kuma ƙara nasa hayaƙin a kan sabon fenti. Injin ozon, mai fitar da iskar da ke kashe wari, yana aiki, amma sai bayan an gama share baƙin, kuma babu mutum, babu kyanwa, babu tsuntsu, babu shuka a ciki. Bayan an kashe shi a buɗe tagogi awoyi kafin a shiga. In ya daɗe yana aiki yana cinye kayan roba.

Mai buɗe zance, Makka:
Allah ya saka muku da alheri. To yaya za a tabbatar gida ya isa a dawo da iyali?

Mai sharar gidaje bayan gobara, Jidda:
Mai lantarki ya gama gwajinsa tukuna, a kafa na'urar jin hayaƙi a falo da hanyar ɗakunan kwana, a danna maɓallinta a ji ta yi ƙara. Sannan a rufe ƙofofi da tagogi, a kashe mukayyif, a bar gidan kwana biyu cikin zafin nan. A kira wanda bai yi aikin ba ya shiga, domin hancin ma'aikaci ya riga ya saba. In ya ji ƙauri, a bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya: saman ƙofofi da ƙasansu inda ba a yi wa fenti ba, bayan kabad, cikin akwatunan soket, bututun fankar kicin, da akwatin labulen ƙarfe na taga. Galibi a ɗayansu ake samunsa.