Ina so in sayi kason 'yan'uwana a gidanmu na gado, ta ina ake farawa?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu ya bar gida guda a cikin gari, da shaguna biyu a gaba da ake haya. Magada su ne mahaifiyarmu, mu maza uku, da mata huɗu, autarsu ba ta balaga ba. Gidan ba zai rabu ba, wasu kuma suna buƙatar kuɗinsu. Ni ina so in biya kowa kasonsa don kada gidan ya faɗa hannun bare. Ba shi da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, sai tsohuwar takardar saye mai sa hannun mai unguwa. Yaya ake yanke farashi, kuma wace takarda za ta hana rigima nan gaba?

Almajirin Fiƙihu:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abin da kake nufi halal ne, amma kada a fara da maganar ciniki. A fara da bashin mamaci, sai wasiyyarsa in ya bari, wadda ba za ta wuce sulusin dukiya ba. Abin da ya rage shi ne gado.

Sannan a tabbatar da magada. In jerin da ka kawo ya cika, Hajiya mahaifiyarku tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, ragowar kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. A kasa gidan kashi 80: Hajiya 10, kowane namiji 14, kowace mace 7. Mu ɗauka an yi masa kuɗi naira miliyan 40. Hajiya miliyan 5, kowane namiji miliyan 7, kowace mace miliyan 3 da rabi. Naka miliyan 7 ne, ke nan miliyan 33 za ka fitar in za ka sayi na kowa. Amma in iyayen Baba, ko ɗaya daga cikinsu, suna raye ranar da ya rasu, kowannensu yana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, ko da daga baya ya rasu, kuma nasa kason ya koma ga nasa magadan. Nan lissafin gidaje da yawa yake rushewa, domin baffanni da gwaggonni sun shigo ba a sani ba.

Abu biyu suna goyon bayanka a mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke aiki da ita. In gida ba ya rabuwa, wani magaji ya nemi a sayar, ana iya tilasta sayarwa a raba kuɗi, kuma wanda yake so cikin magada yana iya ɗaukarsa a farashin da ya kai. Na biyu shufu'a: in wani ya sayar wa bare kasonsa kafin a raba, kuna da haƙƙin karɓa a kan kuɗin da baren ya biya. Sai dai wanda yana gari, ya sani, ya yi shiru har shekara ta zagayo, haƙƙinsa ya faɗi. Ka kuma sani ba kai kaɗai kake da wannan damar ba; in wanka ko ƙaninka ma yana so, ba ka fi shi ba.

Cinikin ya tsaya a kan gidan kawai. Kada a ce "karɓi miliyan kaza ka fita daga gadon gaba ɗaya" alhali akwai kuɗi a banki ko gwal cikin dukiyar. Kuɗi da kuɗi ke nan ba a san daidaitonsu ba, riba tana shiga ta nan.

Dillalin Gidaje:
Malam ya gama da fiƙihu, ni farashi zan taɓa, don a nan ake ɓatawa. Kai mai saye ne, don haka kada ka zama kai ne ka kawo masu yi wa gida kuɗi. Kowane ɓangare ya kawo nasa, aƙalla dillalai uku da suka san unguwar, kowa ya zo daban ya faɗi nasa ba tare da ya ji na wani ba. In tazarar ta yi yawa, a ɗauko ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje mai rajista ya rubuta rahoto. A faɗa musu tun farko kuɗin ƙiyasi za a biya su, ba la'ada ba, tunda mai sayen na gida ne.

A cikin gari ƙasa ake saye, ba gini ba. Tsohon ginin ƙasa kusan ba ya ƙara komai. Abin da yake ɗaga kuɗi shi ne faɗin filin, ko mota tana shiga lungun, ko gidan yana bakin titi, sai shagunan nan. A auna da tef, ƙafa nawa a tsaye, nawa a kwance, maƙwabta suna tsaye, musamman inda katanga ta haɗa ku da wani.

Hanyar da ta fi wanke kowa ita ce a bar gidan a kasuwa na ɗan lokaci a ji tayin bare, sannan ka ɗauka a kan tayi mafi tsoka. Sai a kula da tayin bogi: wani ɗan'uwan yakan turo abokinsa ya taya da tsada don ya ɗaga maka. Duk mai tayi ya nuna da gaske yake, ya zo da kansa gaban magada.

Kuɗin hayar shagunan tun daga ranar rasuwa na magada ne duka, a lissafa a raba. Wanda kuma ya gina ɗaki ko ya sa rufi da kuɗinsa, a yi wa aikin nasa kuɗi daban kafin a raba, in yana da shaida.

Magatakarda:
Da babu marainiya, da sai in ce ku gama a gida gaban malami da shaidu. Amma tunda akwai, ku je Kotun Shari'ar Musulunci. Kai ba za ka zama mai saye kuma mai sayarwa a madadinta ba. Alƙali ne zai duba ko sayarwar maslaha ce gare ta, ya ayyana wanda zai riƙe mata kuɗin. In aka tsallake wannan, ranar da ta girma tana iya tayar da cinikin, kuma a lokacin gidan ya ninka kuɗinsa.

A kotu za a nemi shaidun rasuwa da na magada, a tura a ga gidan a yi masa kuɗi, a rubuta rabon. Ka karɓi kwafin hukunci da takardar mallaka, da rasit na duk abin da ka biya. Wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce, saƙon murya a WhatsApp ba ya wadatarwa.

Takardar cinikin ta ƙunshi sunan kowane magaji, kasonsa, kuɗin da ya karɓa, iyakokin gidan gabas da yamma, kudu da arewa, sa hannu ko dangwale, shaidu maza biyu adilai waɗanda ba magada ba, da mai unguwa. Da waɗannan za ka je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, ka nemi C of O da sunanka. Da gidan yana da ita tun asali, da sai an nemi amincewar gwamna kafin a mayar da suna, kamar yadda dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta tanada.

Hajiya 'Yar Fagge:
Ɗana, ga wani abu da maza ba su cika gani ba. 'Yan'uwanka mata za su ce "duk yadda kuka yi, Yaya", ba don sun yarda ba, kunya ce. A tambayi kowace ita kaɗai, a faɗa mata adadin kuɗinta da baki, kuma a tura cikin asusunta, ba na mijinta ba, ba hannun babban wa ba. Wadda ta ce ta yafe, a bar ta ta ga kuɗin a hannunta tukuna.

Sannan ku yi maganar zama a fili. In aure ya mutu, gidan uba mace take komawa. Bayan ka saya gidanka ne, ƙofa a buɗe take ko a'a? Shawarata kada ka sayi tumunin mahaifiyarku, ta zauna cikin haƙƙinta.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ba ni da kuɗin gaba ɗaya. Zan iya biya kaɗan-kaɗan? Kuma Hajiya ta ce za ta ba ni nata kyauta.

Almajirin Fiƙihu:
Ya halatta in sun yarda, da sharaɗin a san jimlar kuɗin da ranar kowane biya, kuma ba ƙari in an makara. Amma da yadda naira take zubewa, wanda aka ja wa nasa shekara biyu an cuce shi, ko da ciniki ya inganta. Gara ka saya kaso-kaso: ka biya wanda ya fi matsuwa cif, a rubuta, kasonka ya tashi daga 14 zuwa 21 ko 28, sauran su ci gaba da karɓar rabonsu na haya har ka iso kansu a farashin wannan lokacin. Na marainiya kuwa kada ya zama bashi.

Kyautar Hajiya kuma ba ta tabbata sai ka karɓe ta a hannu. In ta ci gaba da zama a ɗakinta har Allah ya yi mata rasuwa, kyautar ta ɓaci, tumunin ya koma gado. Kuma fifita ɗa guda da kyauta abin ƙi ne. Haka sa sharaɗin "za ta zauna har mutuwa" cikin takardar ciniki, wa'adi ne da ba a san iyakarsa ba, yana iya ɓata cinikin. Ka bar mata kasonta kamar yadda Hajiya ta Fagge ta faɗa, miliyan 28 ke nan a gabanka maimakon 33.