Mayar da labarin aro ya zama naka

Marubutan karkarar Ringim da suka tattauna batun aron labarin fim ɗin Indiya a rubuta shi da Hausa sun ce sauya sunayen mutanen cikinsa bai isa ba. Mai ɗora labari kan fim ɗin Indiya yana jingina da abin da masu kallo suka sani. Ana cire tauraron fim ɗin sai jarumin ya zama ba asali, fushinsa ba dalili. A ba shi iyaye, sana'a da bashin da ke kansa, a sake rubuta babi uku na farko. Misali, rikicin gadon kamfani da ke cikin fim ɗin ya koma rabon gona ko haɗa lefe bayan kaka. Zancen da aka kwafo a goge shi, haƙƙin wani ne. Kafin a sa a WhatsApp, wanda bai kalli fim ɗin ba ya karanta, a gyara inda ya rikice.