Neman shawara: na rubuta littafin yara a kan rasuwar ƙanwata, na rasa inda zan nufa da shi

Malamar Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ina rubutawa ina gogewa.

Ƙanwata ta rasu wajen haihuwa shekara biyu ke nan, ita da abin cikin. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya ta, tare aka kawo mu Legas muna ƙanana lokacin da Baba ke harkar goro a Agege. Ranar da abin ya faru, da safe ta aiko min da ƙosai a leda, ta ce in zo da yamma in yi mata kitso don kada ta shiga asibiti da kai a tsefe. Ban je ba. Muna jarabawa a makaranta, na ce sai gobe. Atamfar da ta ɗaura ranar, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, tana ƙasan akwatina, har yau ban wanke ta ba. Ta bar yarinya, yanzu shekararta 6, tana hannuna. Hajiyarmu ta ce mata Ummanta ta yi tafiya Kano. To gidanmu daf da layin dogo yake, duk sanda jirgi ya yi kuka sai ta yar da abin hannunta ta ruga bakin ƙofa.

Shi ya sa na fara rubutu da daddare. Labarin wata yarinya ce mai jiran jirgi, ya kai kalma 2,400. Burina ya zama littafin yara mai hotuna, irin waɗanda nake karanta wa 'yan ajina, amma da Hausa. Na ba wani mai zane kafin alƙalami naira dubu 60, ya turo hoto uku, ya yi wa yarinyar gashi kamar 'yar Indiya, tun azumi ya daina ɗaga wayata. In nemi kamfani ne ko in buga da kuɗina? Ta ina ma ake zama marubuciyar yara? Kaina ya kulle.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya karɓi shahadarta. 'Yar uwa kin taɓo min gyambo. Da mijina ya rasu, yayarsa ce ta ce wa ɗana Abba barci yake yi. Yaron nan ya fi wata uku ba ya yarda ya rufe ido sai ya riƙe min zani, in na gyangyaɗa ya girgiza ni. Ina cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba wanda ya tambaye ni yadda nake kwana, sai maganar shago da takardun fili. Har yau ba mu gaisawa da su. Allah ya isa dai.

Baban Yara, Shomolu: Malama, Allah ya gafarta mata. Shekarata 19 a harkar ɗab'i, ki saurare ni da kyau don kada a sake cin kuɗinki.

Kalma 2,400 ba littafin hoto ba ne. Littafin hoto shafi 32 ne yawanci, don babban falle ake bugawa a ninke shi takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Ki cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, abin da zai rage miki bai wuce buɗi 14 ba, wato shafi biyu-biyu masu kallon juna. Kalma 500 zuwa 600 sun ishe ki. Duk abin da hoto zai nuna, ki goge shi daga rubutu. In an zana ta a bakin ƙofa, me ya kawo "ta tsaya a bakin ƙofa"?

Mai zane kuma ba a ba shi kuɗi sai da takarda: kaso uku, bayan zanen fensir, bayan kala, bayan ya miƙa aiki, kuma a rubuta wa ke da hotunan. Ki ce ya yi da CMYK, wato tsarin kala huɗu na injin ɗab'i, ba kalar waya ba, in ba haka ba shuɗin atamfar nan zai fito a dushe. Ya bar rarar milimita 3 a gefe saboda wuƙar yanka. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, suna da ofis a Yaba. Hoto mai kala farantin injin bugawa huɗu yake ci, kowace kala da nata, shi ya sa kwafi 200 ke fitowa da tsada, sai kin doshi 1,000 farashin kowane ɗaya yake sauka.

Sannan ki rubuta da Turanci. Kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG dala dubu 100 ce, duk shekara huɗu take zagayowa kan adabin yara, a 2024 shi aka yi. Waɗanda suka ci duk da Turanci suka rubuta. Wa zai sayi littafin mutuwa da Hausa a Legas?

Malamar Agege: Na gode Baba. Amma wallahi ba zan iya yanke shi zuwa 500 ba. Ƙosan da kitson duk suna ciki, in na cire su me ya rage? Kuma ni ba don gasa na rubuta ba. Ƙanwata da Hausa take yi wa 'yarta tatsuniya.

Baban Yara, Shomolu: Ƙosai da kitso labarinki ne ke, ba na yarinyar ba. Ki rubuta su a wani littafin na manya. Kuma in kin dage sai Hausa, ki tsaya a kan mai tsara shafi da kanki, don yawancin haruffan da ke kwamfutocinmu ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Na ga littafin da aka buga kwafi 500, duk inda ƙ take sai akwati ya fito. Mai shi kuka ya yi a shagona.

Ɗalibin Ilimi, Alaba Rago: Ba wanda ya yi maganar hoton mai rai. Malamai sun yi saɓani a kai, akwai masu sassautawa a kayan yara, amma mafi aminci a zana ba fuska. Sannan ina tsoron littafi irin wannan ya zama tone-tonen baƙin ciki. Zaman makoki kwana uku ne. A koya wa yara haƙuri da ƙaddara.

Anti Nas, Obalende: Malam, Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yana cikin Bukhari. Kuma littafin yarinya mai kewar uwa ba fuska, ta ina yaro zai ga kewar?

Malama, ke nake son tambaya, don na karanta sau biyu ban gani ba. Yarinyar ta san uwarta ta rasu? Ina mahaifinta? Yaro ƙasa da shekara 5 bai cika gane cewa mutuwa ba a dawowa ba, amma mai 6 ta fara ganewa, kuma 'yan layi za su riga ki faɗa mata. Kalma uku ce: ta rasu, ba za ta dawo ba, ba laifinki ba ne. Za ta tambaya ta sake tambaya, ki riƙa ba ta amsa iri ɗaya. A labarin naki, uwar ta sauko daga jirgin ko kuwa?

'Yar Ikko: Ni dai a nan aka haife ni, ƙannena suna jin Hausa amma ba su iya karanta ta, Turanci da buroka da Yarbanci ne a bakinsu. Ki sa Hausa a sama, Turanci a ƙasa. Ki je bikin littattafai da ake yi a Freedom Park duk watan Nuwamba, masu zane suna zuwa, ki ga aikinsu da idonki kafin ki ba da sisi. Ko kuma ki mai da labarin na akuya da ɗanta, yara sun fi ɗauka.

Baban Yara, Shomolu: Harshe biyu na cinye wurin hoto, kada ki fara. Akuya kuwa da Sallah yanka ta ake yi, sai ki ƙara rikita yara.

Malamar Agege: Anti, ba wai ɓoye mata nake yi ba. Hajiya ce ta ce a bari ta yi wayo, kuma tana da hawan jini, ba zan tsallake maganarta ba a gidanta. Mahaifin yarinyar ya yi aure, yana Ibadan, wannan wani zancen ne daban. Nufina in littafin ya fito in zaunar da ita mu karanta tare, sai ta gane da kanta. Ƙarshen labarin ban rubuta ba tukuna, na tsaya inda jirgin ya tsaya aka buɗe ƙofa.

Anti Nas, Obalende: Zane kaɗai zai ci wata shida ko fiye. Jirgi nawa zai wuce kafin nan?

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba: Ku daina matsa mata don Allah, wanda bai binne nasa ba ba zai gane ba. Ni ma haka aka yi ta min, kowa da fatawarsa.

Malamar Agege: Ni fa a kan littafi na nemi shawara. Baba, in na rage shi zuwa kalma 1,200, za a iya yin shafi 48? Kuma akwai wanda ya san mace mai zane da ta iya zana kallabi da kitson shuku?

Ango Mai Jiran Gado, Mile 12: Baban Yara, don Allah nawa kuke buga kalandar biki guda 300? Na yi maka magana ta waya ba ka duba ba.