Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya: yabo ne ko habaici?

Ɗan Mawaƙa:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Ranar Lahadin da aka keɓe domin iyaye mata a majami'armu, mai wa'azi ya karanta Karin Magana sura 31, inda macen kirki take tashi tun da sauran dare ta tanadar wa iyalinta abinci, sa'an nan ya ɗora da cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, don haka duk wanda mahaifiyarsa ke da rai ya je ya gode mata. Da aka tashi sujada gardama ta kaure tsakanin dattawa biyu, ɗaya na cewa maganar ta zauna daram, ɗayan na cewa habaici ne da ake yi wa masu son kai, bai kamata a hau bagadi da ita ba. Ina roƙon ku warware mana.

Mama Uwar Zumunta:
Ɗana, ni ban ga laifin mai wa'azin ba. Uwa ce kaɗai take sanin yunwar ɗanta tun bai buɗe baki ba, kuma ita ce takan haƙura da ƙanzo domin ya ƙoshi. Hannatu ta miƙa ɗanta Sama'ila ga Ubangiji a Shilo yana ɗan ƙarami, amma kowace shekara sai ta ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ubangijinmu ma yana bisa gicciye bai manta da Maryamu ba, sai da ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna. Idan an tuna wa 'ya'ya wannan, ai an yi wa'azi.

Malamin Lahadi:
Mama, ku gafarce ni, na fi karkata ga dattijo na biyu. Mu duba Farawa sura 27. Rifkatu tana gindin murhu a zahiri, ita ta dafa 'yan awaki biyu ta ba ɗanta Yakubu ya kai wa mahaifinsa Ishaku, ya karɓe albarkar wansa Isuwa. Yakubu bai ci gaya ba, gaskiya ne, amma sai da ya gudu ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban, gidan Ishaku kuma ya rabu biyu. Haka uwar 'ya'yan Zabadi ta durƙusa gaban Yesu a Matiyu sura 20 tana nema wa 'ya'yanta kujerar dama da ta hagu, sauran almajirai goma suka ji haushi. Ƙaunar uwa abin godiya ce, sai dai wannan karin magana yana nuna ta ne a lokacin da ta karkata ludayi.

Baba Mai Ritaya:
Malam ya taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. A bakin mutanen yau ba a ma nufin mahaifiya da wannan magana. Ana faɗarta ne idan an raba taki ko guraben aiki, aka ga ɗan wane ya samu alhali ko layi bai bi ba. Waɗanda muka zaɓa sun zauna a gindin murhu, miyar duk tana malalewa gidajen surukansu, mu kuwa ko gayan sai lokacin zaɓe ya matso ake tunawa a miƙo mana.

Mama Uwar Zumunta:
Baba, a bar waɗannan mutane da Allah, kada su ƙwace mana har zancen iyayenmu.

Jikar Inna:
Iyayena, ku ba ni dama in kawo labarin kakata, wadda muke kira Inna, domin a gidanta maganar ta juye. A farin 1973, lokacin da hatsi ya ƙare a rumbuna, dabbobi suna faɗuwa a hanya, wata mata da ta gangaro daga arewa ta rasu a ƙauyenmu ta bar yaro wanda bai fi shekara shida ba. Ba wanda ya san danginsa. Inna tana da nata 'ya'ya biyar, mahaifina ne na uku, amma ta ɗauko yaron ta shimfiɗa masa tabarma a ɗakinta. Miyar kuka ce kullum, ita ma tsululu, ba ta isa kowa ba. Mahaifina ya ce idan ta zo rabo, kwanon maraya take fara zuba wa, sai abin da ya rage a gindin tukunya ta shafa wa nata, wani dare kuma su ci gaya suna kallonsa. Da babban yayansu ya yi ƙorafi, sai ta ce masa shi idan ya kwana da yunwa yana da wadda zai yi wa kuka da safe, wancan kuwa ba shi da kowa sai Allah, kuma Allah yana kallon ludayinta. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace labarin gwauruwar Zarefat wadda ta fara toya wa Iliya waina da ɗan garin da ya rage mata, tana yawan maimaita shi a taron zumuntar mata. Mahaifina ya riƙe abin a zuciya shekaru da yawa, ya ce sai da ya haifi nasa ya daina jin zafinsa. Wannan maraya shi ne ya yi jinyar Inna a ciwonta na ƙarshe, mu kuma har yau Kawu muke kiransa.

Malamin Lahadi:
'Yar'uwa, labarin ya taɓa ni, amma akwai tambaya a cikinsa. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya yi musun bangaskiya. Shin daidai ne uwa ta bar ɗan cikinta da gaya?

Jikar Inna:
Malam, ba ta bar su da yunwa ba, miya kawai suka rasa. Ni a ganina abin da ta ciyar da su ya fi miya.

Wani Ɗan'uwa:
Ni na rasa mahaifiyata ina goye, kuma duk ranar iyaye mata nakan zauna a bencin baya. Da ina wurin da aka yi wannan wa'azi, da na ji kamar ana tuna mini cewa ni ne mai cin gayan. Abin da ke riƙe ni shi ne Ishaya 66:13, inda Ubangiji ya ce zai ta'azantar da mu kamar yadda uwa take ta'azantar da ɗanta. Ina roƙon masu wa'azi su riƙa tunawa da irinmu, da matan da ba su samu haihuwa ba amma suka reni 'ya'yan wasu.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, Allah ya ji ƙan mahaifiyarka. Da masu rabon ƙasar nan sun yi zama ɗaya a tsakar gidan wannan Inna, da an ga bambanci.

Ɗan Mawaƙa:
Na gode ƙwarai, sai dai har yanzu ban san wanda zan ba gaskiya cikin dattawan nan biyu ba. Mama, ko za ku kai maganar taron zumunta na wannan mako mu ji ta bakin sauran iyaye?

Mama Uwar Zumunta:
Zan kai, ɗana, amma ka sani a cikinmu akwai masu riƙon 'ya'yan kishiya, kuma su ma suna da nasu abin faɗi.